Tsakanin Open Collective da GitHub Sponsors, ga inda nake tura tawa gudummawar

Ɗan'uwa, tunda ka ce za ka riƙa ware wani abu duk wata domin masu kula da manhajojin kyauta da kake aiki da su, shawarata ita ce ka bi ta Open Collective, wani shafin intanet da ake tara wa irin waɗannan ayyuka gudummawa. Na gwada shi, na gwada GitHub Sponsors (tsarin tallafi na GitHub, shafin da masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu), kuma hankalina ya fi kwanciya da na farkon.

Shekara 3 ke nan ina tura dala 5 duk wata ga wata ƙaramar manhaja da nake ajiye lissafin shagona da ita. Abin da ya zaunar da ni a wurin shi ne littafin kuɗinsu a buɗe yake, kowa na iya ganin abin da ya shigo da abin da ya fita. Wani dare bayan na rufe shago na duba shafinsu, sai ga sunana a jerin masu bayarwa, a ƙasa kuma ga kuɗin hayar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da aikin a intanet) na wannan watan, ga ladan da aka biya wani bawan Allah da ya gyara wata matsalar buga rasit wadda ni kaina ta sha ɓata mini rai a gaban masu ciniki. Nan take na tuna da ma'ajin ƙungiyarmu ta unguwa, wanda yake miƙewa ranar taro ya karanta shiga da fita har kwabon ƙarshe. Wannan tsari ba a banza yake zuwa ba, domin Open Source Collective, ƙungiyar da ke Amurka wadda take riƙe wa da yawa daga cikin ayyukan kuɗinsu, tana cire kashi 10 cikin 100. Ni dai na ɗauke shi ladan ma'aji, kuma manyan manhajojin kyauta irin su curl da webpack ma suna karɓar gudummawa ta nan.

GitHub Sponsors, wanda aka buɗe a 2019, ba ya cire komai idan daga asusunka na kanka ka bayar, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Amma da zarar kuɗi ya tafi ba ka da labarinsa. Na taɓa shafe wata 8 ina tallafa wa wani kafin na lura ya daɗe da ajiye aikin, kuma sakacina ne da ban riƙa dubawa ba.

Inda kawai zan ce ka bi ta GitHub Sponsors shi ne idan mutum ɗaya ne yake ɗauke da manhajar, ba shi da wata ƙungiya a bayansa. Irin waɗannan su ne suka fi shiga matsi. Ka tuna abin da ya faru da XZ Utils, wata manhajar matse fayiloli: Lasse Collin ya yi shekaru yana kula da ita kusan shi kaɗai, ga gajiya, har wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara 2 yana neman amincewarsa, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse, wadda Andres Freund ya gano a watan Maris na 2024.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu buɗe shafukan bogi da sunan fitattun manhajoji suna karɓar "tallafi", da kuma masu zuba VLC ko LibreOffice a filas su sayar maka da sunan lasisi, alhali kyauta ne kuma ko sisi ba ya kaiwa ga masu aikin. Kada ka bi adireshin da aka turo maka ta WhatsApp. Ka shiga shafin manhajar na asali, ka latsa mahaɗin gudummawa daga can. Kafin ka ɗaura wa kanka biyan wata-wata, ka tambayi bankinka iyakar dalar da katinka na naira yake iya biya a waje, sannan ka fara da dala 3 ko 5 a kan manhaja ɗaya da ka fi dogara da ita.