Wata shida da tsohuwar Boss DM-2: gurnani, fito da shuuu

Na sayi fedal ɗin nan na jita, mai maimaita amon sauti bayan ɗan jinkiri, a hannun wani a nan Jidda, jar DM-2 ta asali, ƙirar Japan, irin wadda aka yi tsakanin 1981 da 1984. Fentin duk ya goge a wajen da ake takawa, amma da na gwada a ɗakinsa amon ya tafi da ni, na biya ko ciniki ban tsaya yi ba. Sai da na kawo ta gida na jona da amfilifaya sannan na ji abin da hayaniyar titinsu ta ɓoye min.

Ƙara ce har kala uku, amma a lokacin ni dai duk ɗaya nake jin su. Sati biyu ina canja wayoyi kamar mahaukaci.

Ta farko gurnani ne, huuum, ko ban kaɗa jitar ba yana nan. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, to sautinta ne ke shigowa, kuma da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya tashi sai abin ya ƙaru don soket ɗaya suke sha. Na cire adafta na sa batir 9V, shiru kamar an ɗauke ruwa. Ashe laifina ne, adaftar araha ce marar suna na jona mata fedal huɗu a waya guda, har da wata ta dijital da ke zuba wa sauran dattinta. Ga wani abu da mai saye ya kamata ya sani, tsofaffin Boss na wancan zamanin an yi su ne don adaftar ACA mai 12V, akwai 'yan kaya a ciki da ke rage wutar, idan ka ba ta 9V ta zamani ita kaɗai sai ka ga fitilar ta dushe sautin ya fara shaƙewa. Ni yanzu batir kawai nake sa mata, na huta. Danshin Jidda kuma ya sa bakin jak, inda ake soka waya, ya yi tsatsa, fesa ɗaya da gogewa ya kashe wani ƙas-ƙas da nake zargin waya da shi.

Ta biyu ita ta so ta kwantar da ni. Fito ne siriri, tsiiii, yana fitowa idan na murɗa Repeat Rate, maɓallin tsawon jinkiri, zuwa mafi tsawo, ka rage ya ɓace ka ƙara ya dawo. Nan kam na sallama, na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a wajen Hindawiyya, Bahaushen Sudan ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya buɗe bayan, ya ɗaga allon ya kai kusa da fitila, ya nuna min wani ɗan ƙaramin sukuru da bakin ya ci sukundireba. Ya ce “ɗana, wani ya riga mu shiga nan.” Na ce Baba me ya nema? Ya ce tsawo.

Yadda ya yi min bayani, cif ɗin da ke ciki, MN3005 a tawa, 'yan baya kuma MN3205, kamar mutane ne 4096 a layi suna miƙa wa juna bokitin ruwa, akwai agogon da ke ba su umarnin miƙawa. In kana son jinkiri mai tsawo dole agogon ya rage gudu, a milisakan 300 da ita ce iyakar fedal ɗin ya sauko wajen 6.8 kHz, wanda kunne na ji sarai, tacewa ce kawai ke danne shi. To mai ita na da ya murɗa don ya samu fiye da 300, agogon ya sauko inda matatar ba ta iya riƙe shi. Baba ya mayar da na'urarsa mai allo, ba da kunne ba, ya daidaita bayas, wato saitin wutar cif ɗin, ya canja kafasitoci da suka tsufa, ya sake dalma a jak. Kwana uku, ya kuma ba ni tsofaffin a leda. Aikinsa ban da abin cewa, sai dai ba ya ɗaga waya sam, sai ka taka da ƙafarka bayan la'asar.

Ta uku shuuu ce mai bin bayan kowane amo, tana ƙaruwa in ka ɗaga Intensity, maɓallin yawan maimaitawa. Na ce a cire ita ma, ya yi dariya ya ce wannan halinta ne, bokiti ya bi hannu dubu huɗu ai dole ya ɗan zube. An rage ta dai tun daga ƙira, amma ba ta tafiya. A ɗaki da dare kana jin ta, a istiraha, wato wurin taro, ranar biki da ganguna da org (kibod) ɗin abokina ko ni ban ji ba.

Wanda yake son amo fes kamar madubi kar ya ɓata riyal ɗinsa, ya nemi dijital, ko sabuwar DM-2W da ke kaiwa milisakan 800. Ni dai amon nan mai duhu da ke narkewa a bayan jita shi na biyo, kuma yana nan. In za ka sayi tsohuwa ka tafi da batirinka, ka sa a kashe mukayyif, ka murɗa jinkirin har ƙarshe ka kasa kunne kafin ka zaro kuɗi.