Shanzan ko Juhai: Ina Ɗan Gombe Zai Je Ya Ga Teku a Kwana Uku?

Alhaji, na ga tambayarka tun bayan La'asar, sai yanzu da na rufe shago na samu zama. Ga waɗanda saƙonni suka binne musu ita: Alhaji zai je baje kolin Kanton a birnin Gwanzu na ƙasar Sin cikin Oktoba. Zango na ɗaya, na kayan lantarki da sola, yana ƙarewa ran 19, na biyu kuma sai ran 23, saboda haka yana da kwana uku a hannu. Ya ce bai taɓa ganin ruwan da ya fi na Dadin Kowa faɗi ba, yana so ya ga teku. Wani ya ce masa Shanzan, wani ya ce Juhai, wani kuma ya ce ya tsallaka Hon Kon kawai.

Mu fara kawar da Hon Kon da Makawo. Ƙasar Sin ce, amma kowannensu da ƙofarsa da jami'an shige da ficensa, kuma mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizarsu daban tun kafin ya taso. Abin da ya fi wannan haɗari: in bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka tsallaka can ka fita ke nan, ba za ka komo Gwanzu da ita ba, ga jakarka a otal, ga kuɗin kafin alƙalami da ka ba masu kamfani. Duba fasfonka yau. In sau ɗaya ce, zance ya koma kan garuruwa biyu.

Su biyun suna fuskantar juna ne. Kogin Lu'ulu'u da ya ratsa Gwanzu, in ya gangara kudu sai ya buɗe baki ya zama wani makeken lungun teku. Shanzan tana gaɓar gabas, jingine da Hon Kon. Juhai tana gaɓar yamma, jingine da Makawo. A tikiti za ka ga an rubuta Shenzhen da Zhuhai, kada rubutun ya rikita ka. Shekara ɗaya aka yi musu gata, 1980, lokacin da aka ware su a matsayin yankunan kasuwanci na musamman. Amma kamar 'yan uwa ne da aka yaye rana ɗaya, ɗaya ya tafi fatauci ɗaya ya zauna gida: ƙidayar 2020 ta samu mutum sama da miliyan 17 a Shanzan, Juhai kuwa ba ta kai miliyan biyu da rabi ba.

Ta fuskar sauƙin zuwa Shanzan ce gaba. Daga tashar Gwanzu ta Kudu jirgin ƙasa mai gudu zai sauke ka a tashar Shanzan ta Arewa cikin kimanin rabin awa. Juhai kamar awa guda ce daga wannan tashar, kuma jirgin yana tsayawa daf da ƙofar Gongbei, inda ake shiga Makawo. Duk biyun fasfonka shi ne tikitinka, kada ka bar shi a otal.

Abin kallo ma, in ƙirge za a yi, Shanzan ta fi yawa. Akwai benen Ping An mai tsawon mita 599, ana hawa har hawa na 116 a leƙo garin. Akwai wurin shaƙatawar da suka sa wa suna Tagar Duniya, wanda aka buɗe a 1994, inda aka ƙera ƙananan kwafin shahararrun gine-ginen duniya: dalar Masar, Taj Mahal, da hasumiyar Faris mai mita 108. Wurin ɗaukar hoto ne, ka turo wa yara su ce Baba ya zaga duniya a wuni ɗaya. Ni dai bayan awa biyu ya ishe ni. Sannan akwai lambun bakin ruwa da ya miƙe kilomita goma sha wani abu, kana tafiya kana hangen duwatsun Hon Kon a tsallake. Sai dai ruwan nan ba shi ne tekun da kake ƙissimawa ba, in ya janja taɓo ne da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, da tsuntsaye suna kiwo. In rairayi kake so da igiyar ruwa, sai ka nausa gabas zuwa Dameisha, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kaiwa yanzu. A nan ruwan ya fi na Juhai haske nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ce ko da ba ita zan zaɓa maka ba. Amma ka yi sammako. Da rana ta ɗaga masu wanka za su cika wurin da irin shigarsu, dattijo kamarka zai rasa inda zai ajiye idonsa.

To me ya sa ba zan ce ka tafi Shanzan ba? Saboda na san ka, kuma na san kaina. A tsakiyar garin akwai Huaqiangbei, unguwa guda ta benaye cike da waya, caja, batir, fitila, allon sola, duk abin da ka baro a shagonka. Zuwana na farko na sauka da niyyar in leƙa na minti talatin in wuce bakin teku. Magariba ta same ni a hawa na huɗu ina ciniki da kalkuleta, washegari na koma karɓar samfuri, na dawo Gwanzu ban ga ko kwale-kwale ba. Kura ce aka kai mahauta aka ce ta yi yawon buɗe ido. Kai da za ka fito daga kwana biyar na zagayen rumfunan Pazhou inda ake baje kolin, ƙafa ta kumbura, kai ya cika da farashi, in ka shiga Shanzan aiki za ka ci gaba da yi, sunan hutu ne kawai.

Juhai ba ta da abin da zai ja ka haka. Gari ne mai faɗin tituna da itatuwa, iska tana kaɗawa daga ruwa. Babban abin da ake zuwa yi shi ne tafiya a Titin Masoya, wanda ya bi gaɓar teku yana lanƙwasa da ita. Kada sunan ya tsorata ka, tsofaffi masu motsa jiki da masu kamun kifi da ƙugiya sun fi masoyan yawa. A kan hanyar za ka ga mutum-mutumin 'yar masunta tsaye kan dutse cikin ruwa tana ɗaga lu'ulu'u, tun 1982 take nan, ita ce tambarin garin. Gaba kaɗan, a kan wani ɗan tsibiri, akwai gidan wasan da aka gina kamar ɓawon katantanwar ruwa guda biyu a tsaye, da dare ana haska su. Ruwan kansa jaja-jaja ne kamar na Gongola da damina, domin laka ce kogin yake kwasowa yana zubarwa ta wannan ɓangare. In shuɗin ruwa kake nema, sai ka hau jirgin ruwa daga tashar Xiangzhou zuwa ɗaya daga tsibiran waje, irin su Dong'ao. Wannan kaɗai zai ci maka wuni, kuma wanda bai saba ba ya hau da ciki marar nauyi.

Daga gaɓar, ranar da sama ta washe, za ka hango gadar da ta haɗa Juhai da Makawo da Hon Kon. An buɗe ta a Oktoban 2018, tsawon hanyar gaba ɗaya kilomita 55, wato ta fi daga Gombe zuwa Dadin Kowa, kuma mafi yawanta a kan teku. A tsakiya sai ta nutse ta bi ƙarƙashin ruwa kusan kilomita bakwai don manyan jiragen kaya su samu wucewa ta sama. Akwai kuma jiragen yawo da ke tashi daga Wanzai su bi gefen Makawo, ka ga garin tsaf ba tare da ka taka ƙasarsa ba, bizarka kuma tana nan lafiya.

Abin da ya sa nake cewa Juhai da ƙarfi shi ne Chimelong, gidan halittun ruwa da aka buɗe a 2014 a tsibirin Hengqin. Kuɗin shiga yana da ɗan ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma za ka tsaya gaban bangon gilashi da ya fi gidan sama tsawo, kifin da ya fi kowane kifi girma a duniya ya zo ya wuce ta saman kanka a hankali, bakinsa kamar ƙofar shago. Ni inda na fi daɗewa ma ba nan ba ne. Ayu na gani, irin na Afirka ta Yamma, wanda tun muna yara muke jin labarinsa a bakin masuntan Binuwai da masu tallar maganin gargajiya. Sai da na je ƙasar Sin na gan shi ido da ido yana cin ganye kamar saniya. Na tsaya ina ta tasbihi, Sinawa na kallona. Ka je ranar aiki, Asabar da Lahadi layi zai cinye rabin wuninka.

Inda Juhai ta gaza shi ne abinci da jam'i. Shanzan tana da babban masallaci a unguwar Meilin da gidajen abincin Musulmi da dama. A Juhai sai ka nemi shagunan taliyar Lanzhou, waɗanda Musulmin arewa maso yammacin Sin suke riƙe da su, galibi allonsu kore ne, za ka ga maigidan da farar hula. Kifi da jatan lande halal ne a wurinmu, amma a gidan abincin da ba na Musulmi ba ana iya soya su da kitsen alade ko a zuba giyar girki, don haka ka riƙe kilishinka da garin kwaki. Darduma kuma a jaka, ga ƙasaru Allah Ya sauwaƙe wa matafiyi.

Yanayi zai taimake ka. Ƙarshen Oktoba zafin da gumin sun fara sauka, sama tana yawan washewa. Duk da haka lokacin mahaukaciyar guguwar teku bai gama wucewa ba, irin wadda ta daki Juhai a Agustan 2017, kuma in aka yi gargaɗi jiragen tsibirai ba sa tashi. Ka tambayi masu otal kafin ka sayi tikitin ruwa.

Da ni ne, ran 20 da safe zan tafi Juhai, in yi yamma a bakin ruwa, ran 21 in ba Chimelong wuni cur, ran 22 in dawo Gwanzu da hantsi. Ragowar ranar ka kai ziyara masallacin Huaisheng, ɗaya daga mafiya daɗewa a ƙasar, mai farar hasumiya ta kimanin mita 36, sannan masallacin Xianxian kusa da tsohuwar tashar jirgi. Musulmin can suna cewa kabarin da ke ciki na Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, littattafanmu kuwa sun ce a Baƙi'a aka binne shi, saboda haka ka yi sallarka ka yi wa mamatan wurin addu'a, ban da musu da masu gida. Huaqiangbei kuwa ka bar ta sai an tashi daga baje kolin, ka ware mata rana guda da sunan aiki, ka tafi da jerin kayan da na turo maka.