Hasbiyoyin roba a fadamar Kwalkwalawa

Da na fito da su daga kwali, Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai ɗana, waɗanga ka ba kuɗi?" Hasbiyoyin roba ne guda 12, waɗanda ake kafawa a gona don su jawo na gaske kusa da maharbi, rabin jiki kamar an kife ƙoƙo, kowace da tsinken da ake kafa ta. Ta intanet na saye su daga Legas, suka iso tasha bayan kwana shida, biyu sun lotse, tsinke uku babu. Mai kayan ya ce zai aiko. Har yau yana aikowa.

Shinkafar da muka yanka muka baza ta sha iska ce hasbiya da kurciya suka mai da gidan biki. Ni kuwa rabona da harbi tun ina yaro da danƙo. Bindigar ta Kawu ce, mai baki ɗaya, da lasisinta, kuma sai da muka sanar da mai unguwa, don a halin da ake ciki ba a saɓa bindiga a nufi daji haka kawai.

Ranar farko ko gashin tsuntsu ban samu ba. Garke ya taso daga itatuwan bakin gulbin Rima, ya yiwo ƙasa-ƙasa, sai kawai ya karkace. Kawu ya ɗauki ɗaya daga na robar ya juya ta a rana: walƙiya take kamar sabon bokiti. Ga shi fentin na hasbiyar Ingila ne, toka-toka da farin tabo a wuya, alhali tamu jan zobe gare ta a ido, fiffikenta ja-ja da ɗigon fari. Ya kwaɓa toka da jar ƙasa muka shafe su. Wannan aiki sai an sake shi kusan kullum, don raɓa na wanke shi.

Laifi na biyu nawa ne. Na jera su reras kamar sahun salla. Ashe tsuntsu iska yake fuskanta in zai sauka, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take. Da muka sake komawa, muka juya kawunansu can, muka baza su kamar jinjirin wata, da fili a tsakiya, taku 25 daga ɗan shingen karan da muka laɓe. "Kada ka ɗaga kai sai ta miƙe ƙafafu," in ji Kawu. Na ɗaga. Ta tafi. Ta uku ce na samu, hannuna na rawa, na ruga da wuƙa na yanka da bisimilla tun tana motsi. Da hantsi muna da bakwai, biyar na Kawu.

Abin da ya ba ni haushi, da muka sa wa waɗanda aka harba tsinke a haɓa muka kafa su, tsuntsayen su suka fi nufa, ba robar ba. Robar ta buɗe kasuwa ce kawai, don haka shida ma sun isa. Kuma kada ka bar su a rana. Ɗaya da na manta a kan kunya ta lanƙwashe kamar dafaffiyar kuɓewa.

Kurciya na yarda da su fiye da hasbiya. Jan-baki kuwa ko kallo ba su ishe shi ba, har yanzu yara da gwangwani ke korarsa. Kawu ya karɓi huɗu aro ranar Laraba, bai ce komai kan dariyar ba.