Attarugu, tsiduhu ko barkonon ƙasar waje: wanne ya dace da tsakar gidanka?

Duk wanda ya yi niyyar shuka barkono a gida, kafin ya sayi iri ya fara tambayar kansa abin da zai yi da shi. Na miya daban, na dakan yaji daban, na nuna wa abokai bajinta kuma daban. Yawancin masu da-na-sani a nan suka yi kuskure: sun ga hoton wani jan barkono mai ƙuraje a Facebook, an ce shi ya fi kowanne yaji a duniya, suka tura kuɗi, bayan wata shida suka tsinci abin da uwargida ta rantse ba zai shiga tukunyarta ba.

Akwai ma'aunin da ake gwada yaji da shi, wanda wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da shi a 1912. A wannan ma'auni dangin attarugu suna tsakanin maki 100,000 da 350,000. Riƙe wannan a ka, don shi ne zai nuna maka girman tazarar da ke tsakaninsa da na waje.

In dai don miya ne, attarugu ba shi da na biyu. Ba yajinsa kaɗai ake nema ba, har da wannan ƙamshin da ke tashi da zarar an jajjaga shi da albasa an zuba a mai, wanda busasshen barkono ba ya bayarwa. Gindi uku ko huɗu a bokitan fenti masu cin lita 20 sun isa ƙaramin gida idan suka kama, kuma ba shukar shekara ɗaya ba ce: in ana ba ta ruwa, a rage mata rassa bayan ta gama zubi, za ta sake tofowa ta yi wani. Aibinsa biyu. Na farko, yana da nawa: irin yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, bayan dashe kuma sai an jira wata uku ko fiye kafin a ga ja. Na biyu, ba ya shiri da zafin bazara. Idan zafi ya haura digiri 35, kamar yadda yake yi a Kano, Sakkwato ko Maraɗi daga Maris zuwa Mayu, fure sai ya riƙa kaɗewa bai ɗaura ɗa ba. Mutum ya ga ganye shar, ya ɗauka taki ne bai isa ba, ya ƙara, abin ya ƙara lalacewa. Maganinsa inuwa ce: a ja bokitan gindin bishiya ko gefen katangar da rana ba ta duka bayan azahar. Wannan ma shi ne dalilin da na fi son bokiti a kan shuka a ƙasa, domin shi ana iya ɗauke shi. Mai neman ƙamshi na musamman ya nemi rawayan attarugun Nsukka, wanda mutanen Inugu ke alfahari da shi.

Ƙananan barkonon nan kuwa, tsiduhu, shi ne na mai ƙaramin lokaci. Ya fi attarugu jure ƙishi da rana, yana zuba 'ya'ya ba ƙaƙƙautawa, ga fatarsa siririya, kwana kaɗan a kan tabarma ya bushe ƙayau. Shi ake dakawa da citta, kanumfari, masoro da ƙuli-ƙuli a yi yajin tsire ko na ɗanwake da garau-garau. Attarugu ba ya yin haka cikin sauƙi. Namansa da kauri, in ba a tsaga shi ba sai ya ruɓe daga ciki kafin ya bushe. Wahalar tsiduhu ɗaya ce, tsinka, domin ɗaya-ɗaya ake bi. Tsuntsaye ma suna son sa, su yaji ba ya kama su.

Shambo da tattasai ba na neman yaji ba ne, na jan miya ne da kauri. Suna saurin nuna, amma suna cin wuri, kuma a kakarsu sun yi araha a kasuwa irin ta 'Yankaba da ke Kano. Mai bokiti biyar kacal kada ya ɓata musu ko ɗaya.

Sai manyan baƙi. Bhut jolokia, wanda ake nomawa a jihohin Assam da Nagaland na arewa maso gabashin Indiya, ya shiga kundin bajinta na Guinness a 2007 a matsayin barkonon da ya fi kowanne yaji a duniya, da maki sama da miliyan ɗaya. A 2013 Carolina Reaper, wanda Ed Currie ya haɗa a jihar Karolina ta Kudu, ya karɓi kambun da sama da miliyan ɗaya da rabi. A 2023 shi Currie ɗin ya sake fito da Pepper X mai maki kusan miliyan 2.7. Wato Reaper ya ninka attarugu mafi zafi sau huɗu ko fiye. Dukkansu 'yan dangin attarugu ne, saboda haka duk laulayinsa suna da shi, har da ƙari: tsiro kan kai wata guda, nuna kuma wata biyar zuwa shida daga ranar shuka. In dole sai ka gwada, na fi ba ka shawarar Bhut jolokia, gindi ɗaya tak, domin ya saba da zafi mai damshi irin na damina, kuma ɗan yanki kaɗan ya ishi tukunya. Reaper ya wuce abinci. A 2018 wata mujallar likitoci ta Ingila ta ba da labarin wani mutum a Amurka da aka kwantar a asibiti da matsanancin ciwon kai bayan ya ci guda a gasar cin barkono.

Wanda ya shuka irin waɗannan ya sa safar hannu wajen yanka, ya ɗaga bokitin inda yara ba sa kaiwa, kuma don Allah kada ya aika da shi injin markaɗen unguwa, alhakin mai bi masa a layi zai ɗauka. Yajin ba a ƙwayoyin irin yake da yawa ba, a farar tsokar cikin da suke manne yake, cire ta yana rage zafi sosai. In baki ya kama da wuta, ruwa ba ya komai. Nono ko madara ake kurɓa.

Saura inda za a samo irin. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi lafiyayyen attarugun da ya nuna jawur a wajen mai kayan miya, a cire irin, a shanya a inuwa. Ba ka kashe komai ba, kuma iri ne da ya san ƙasar. Sai dai in asalinsa haɗaɗɗen iri ne na kamfani, wanda ake rubuta F1 a jikin ledarsa, 'ya'yan ba lallai su gado uwar ba. Sayen dashe a wajen 'yan lambu yana rage maka jiran wata ɗaya da rabi, amma ka juya bayan ganyen ka duba: in ka ga fararen ƙudaje ƙanana suna tashi, ko ganyen ya nannaɗe ya yi rawaya-rawaya, bar masa kayansa, domin cutar da ƙwarin nan ke yaɗawa ba ta warkewa, kuma za ta bi sauran shukarka. Irin leda na shagon kayan gona a duba ranar ƙarewarsa, irin barkono yana saurin mutuwa in ya sha zafin shago. Na intanet shi ya fi haɗari, don ido ba ya bambance ƙwayar Reaper da ta attarugu, sai an yi wata shida ana ban-ruwa gaskiya ta fito. Wanda ya ce zai sayar maka da irin Pepper X da araha, yi masa kallon tuhuma.

Lokacin saye ma yana cikin ciniki. A yafa iri a farkon damina, ko kuma wajen Satumba zuwa Oktoba don shukar ta yi fure cikin sanyin hunturu. Wanda ya saya a Fabrairu zai kai furensa tsakiyar bazara ne. A huda gindin bokiti, a haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen takin awaki ko na kaji da ɗan yashi, kuma kada a jera baƙon barkono kusa da attarugun da ake son ajiye irinsa, domin ƙudan zuma za su gauraya su, baɗi ka shuka abin da ba ka san kansa ba.