Chrome a Kwamfutar Iyali: Akwai Labule, Babu Makulli

A gidan da kwamfuta ɗaya ce tilo, inda maigida ke duba asusun banki, uwargida ke buɗe WhatsApp, yara kuma ke neman sakamakon jarrabawa, abin da ya kamata a fara tambaya game da manhajar shiga intanet shi ne ko tana rufa wa kowa asirinsa. Da wannan ma'aunin na auna Chrome, wadda kamfanin Google ya fitar a shekarar 2008.

Tsarinta na furofayil abin yabo ne, domin kowa yana iya buɗe nasa cikin ɗan lokaci, kuma tarihin bincike da kalmomin sirri da shafukan da aka adana ba sa cakuɗuwa da na wani. Sai dai furofayil ɗin ba shi da makulli. Duk wanda ya zauna gaban kwamfutar zai iya danna hoton da ke saman kusurwar dama ya shiga na yayansa ko na mahaifinsa, ya tarar da imel a buɗe, ya kuma ga duk inda aka leƙa. Gaskiya ne cewa kafin Chrome ta nuna kalmar sirrin da aka adana sai ta nemi lambar buɗe Windows, amma a gidan da kowa ke shiga da asusu ɗaya, wannan lambar har autan gida ya haddace ta. Abin da ya fi damuna shi ne, idan mutum ya shiga da asusunsa na Google ya kunna daidaita bayanai, binciken da ya yi a wayarsa, ko da kuwa game da wata rashin lafiya ce da bai shirya faɗa wa kowa ba, zai iya bayyana a kwamfutar falo.

Incognito kuwa, wato yanayin shiga intanet a sirrance na Chrome, yana cika alƙawarinsa daidai gwargwado: da zarar an rufe tagoginsa, ba ya barin tarihi. Amma fayil ɗin da aka sauke yana nan inda aka ajiye shi, kuma kamfanin da ke ba da intanet yana iya ganin shafukan da aka ziyarta. A shekarar 2024 ma Google ya amince zai goge ɗimbin bayanan masu amfani da Incognito domin sasanta wata ƙara da aka shigar a Amurka tun 2020.

A fannin kare kalmomin sirri, Firefox, wata manhajar shiga intanet, ta ɗara Chrome, tunda tana ba da damar sanya babbar kalmar sirri da ke kulle sauran duka. Wanda ya saba da Chrome har ba ya son rabuwa da ita, shawarata ita ce ya buɗe wa kowane ɗan gida asusunsa na Windows da lambarsa ta daban, ya ware yanayin baƙo na Chrome don masu ziyara, sannan ya riƙa danna maɓallin Windows tare da harafin L duk lokacin da zai tashi, ko da alwala kawai zai je yi.