Na gwada gwajin hali na 16Personalities, ga yadda na same shi

Assalamu alaikum. Ni dai tela ce, shekarata goma sha ɗaya a kan keke, a gida nake ɗinki da yara biyu da nake koya wa. Na faɗi haka ne don a san ba wata masaniyar halayyar ɗan Adam ba ce ke rubutun nan, mai amfani da abu ce kawai ta zo ta faɗi yadda ta same shi.

Ƙanwata da ke jami'a ce ta turo min shafin ta WhatsApp bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Dalili kuwa ta zo ta same ni daren sallah wajen ƙarfe biyu, an ɗauke wuta, ina haska fitilar waya ina sa zif a rigar wata Hajiya, ga leshi uku da atamfa biyar a jibge ko yankawa ban yi ba, nawa kayan da na yarana kuwa suna cikin leda yadda aka sayo su. Ta tsaya tana kallona ta ce Yaya wai me ya sa ba kya iya cewa a'a ne? Na ce ke dai ba ki san sana'a ba. Ta ce wallahi wannan ba sana'a ba ce, hali ne. Bayan kwana uku sai ga saƙonta, ta ce don Allah in zauna in yi, minti goma ne kawai.

Shafin na wani kamfani ne a Ingila mai suna NERIS Analytics, kuma gwajin kyauta ne, data ɗinka kawai zai ci ita ma ba da yawa ba. Jimloli 60 za su jero maka, ba tambaya ba ce kai tsaye, magana ce za a yi a kanka kai kuma ka nuna ko ka yarda. Misali a ce kana yawan yin sababbin abokai, ko in ka ga wani yana kuka kai ma sai ka ji kamar ka yi, ko ka fi son ka gama aiki ɗaya tas kafin ka taɓa wani. A ƙasan kowace akwai da'ira bakwai, uku koraye ɓangaren na yarda, uku masu launin shunayya ɓangaren ban yarda ba, ɗaya a tsakiya. Babbar da'ira na nufin ka yarda sosai, ƙarama kuma sama-sama. Ni ya ɗauke ni kusan rabin awa saboda Turancina ba mai gudu ba ne, wasu kalmomin sai da na tambaya. Akwai Larabci, akwai Faransanci don haka 'yan uwanmu na Nijar za su ji daɗinsa, Hausa dai na duba jerin harsunan ban gan ta ba.

In ka gama sai su ba ka haruffa huɗu da wani guda a ƙarshe. Na farko I ko E, wato ko kaɗaici ne ke dawo maka da ƙarfinka ko shiga mutane. Na biyu S ko N, ko ka fi riƙe abin da ido ya gani hannu ya taɓa, ko ka fi tafiya da hasashe da tunanin abin da zai iya yiwuwa. Na uku T ko F, in za ka yanke hukunci lissafi kake fara yi ko yadda mutane za su ji. Na huɗu J ko P, mai tsara komai tun da wuri ko mai barin ƙofa a buɗe. In ka haɗa su iri 16 ke fitowa, daga nan sunan ya samo asali. Na ƙarshen A ko T ne, shi kuma yana nuna ko hankalinka a kwance yake ko kana yawan damuwa da shakkar kanka. Ni ISFJ-T na fito, sun sa wa wannan rukunin suna Defender, mai kare mutane ke nan.

To shafin da ya kama ni shi ne na ƙarfi da rauni. Ɓangaren ƙarfi ya ce irinmu masu tallafa wa mutane ne, abin dogaro, masu lura da ƙananan abubuwa, masu aiki tuƙuru. Na ji daɗi ba zan ɓoye ba, don gaskiya ne ina riƙe awon kwastoma a kaina, na san wadda ba ta son hannu ya matse ta da wadda in wuyan riga ya sauka kaɗan ba za ta ƙara sa ta ba. Amma da na gangara ƙasa wajen rauni sai jikina ya yi sanyi. Ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinka. Danne abin da ke ranka. Ɗaukar gyara kamar an zage ka. Ƙin canji. Ƙanƙan da kai fiye da kima har a manta da wahalar da ka sha. Na ajiye wayar na yi shiru, don a satin ma wata ta dawo da riga ta ce ƙugun ya yi mata yawa, magana ce ta minti ɗaya kuma da fara'a ta faɗa, amma wallahi na kwana biyu ina juya ta a raina ko abinci ban ci da daɗi ba.

Abin da na fahimta, wanda kuma shi ya sa nake ganin shafin ya cancanci mutum ya ɓata lokacinsa a kai, shi ne ashe ƙarfin da raunin abu ɗaya ne. Tausayin da ke sa kwastoma su riƙe ni shekara da shekaru shi ne dai ke sa in karɓi atamfa ranar ashirin da bakwai ga azumi don matar ta ce min yarinyarta ba ta da na sawa, alhali na san ba zan gama ba, ƙarshe in saɓa wa mutum biyar alkawari don na kasa ɓata wa mutum ɗaya rai. Da ina ɗauka kirki ne tsantsa. Ana cewa laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani, ni nawa ban ma san tudu ba ne, na zaci alheri nake takawa.

Da na nuna wa wata maƙwabciyata sai ta ja baya ta ce anya wannan ba duba ba ne? Ni dai ba malama ba ce, amma abin da na gani shi ne ba ya tambayar ranar haihuwarka balle sunan mahaifiyarka, ba ya ce maka ga abin da zai faru gobe. Abin da ka faɗa da bakinka a kan kanka shi yake tattarawa ya dawo maka da shi a jere. In ƙarya ka ba shi ƙarya zai dawo maka da ita.

Tambayar tata ce ma ta sa na sa ƙanwata ta yi min bayanin asalin abin. Tushen daga wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, wanda a 1921 ya yi rubutu kan yadda mutane suka kasu. Sai wata mata a Amurka Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka ɗauki ra'ayin suka mai da shi tambayoyi a lokacin yaƙin duniya na biyu, shi ne ake kira MBTI, kuma shi na ainihin biya ake yi. Wannan na 16Personalities ba shi ba ne, haruffan suka ara, su da kansu sun bayyana cewa ma'aunin nasu ya fi kusa da wani tsari da masana suka fi yarda da shi mai auna halaye biyar, shi ya sa ma aka samu harafi na biyar ɗin nan. Mutane da yawa suna cewa na yi MBTI alhali wannan suka yi.

Yanzu inda nake ganin sai an yi hattara. Na farko, an rubuta jimlolin ne da rayuwar Turawa a rai. In aka ce a wajen taro ba ka cika zuwa ka gabatar da kanka ga baƙi ba, to mu nan wace mace mai tarbiyya ce za ta shiga gidan biki ta riƙa bin mutane tana cewa ni ce wance? Kunya ce da kawaici, da su aka raine mu, surukarka na zaune ko kai sarkin surutu ne dole ka kama bakinka. Ƙanwar nan tawa in tana cikin ƙawayenta ba a jin muryar kowa sai tata, amma karon farko da ta yi I ta fito, don ta amsa ne da yadda take a gaban manya. Da ta sake tana tuna kanta a makaranta sai ga E. Don haka in za ka amsa, ka tuna kanka a inda ba ka jin nauyin kowa, kar ka amsa da halin da aka ce ya kamata ɗan kirki ya kasance da shi.

Na biyu, ka duba kason da suke nunawa a gefen kowane harafi, kar ka tsaya kan harafin kawai. Ni F ɗina ya haura 80 cikin ɗari, wannan ba tantama. Amma J ɗina 53 ne, ka ga ke nan da na matsar da da'ira biyu ko uku da wani rukunin zan faɗa daban da wani bayanin daban. Mai 51 da mai 95 harafinsu ɗaya amma ba halinsu ɗaya ba, mai 51 ma ya fi kusa da mai 49 da ke can ɗaya ɓangaren. Wannan na daga cikin abin da masana ke kuka da shi game da duk gwajin da ke raba mutane gida-gida, yawancinmu a tsakiya muke.

Sai kuma wani labari da ya sa na rage zumuɗi. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, ya dawo ya miƙa wa kowa takarda ya ce ga sakamakonka kai kaɗai, ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5 kan yadda ta dace da su. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Ashe takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, jimlolin ma daga littafin masu duban taurari ya tsinto su. Wato ɗan Adam in aka faɗa masa magana mai faɗi mai ɗan daɗi sai ya ce wallahi ni ne. Saboda haka na yi wata dabara, na buɗe shafin rauni na wasu rukunai biyu da nawa, ban faɗa wa maigidan wanne ne wanne ba, na fassara masa na ce wacce ce ni a ciki. Bai ko yi dogon tunani ba ya nuna nawa, ya ce wannan ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfinki ai shekara nawa ina faɗa miki. Wannan ya fi gamsar da ni a kan sakamakon kansa. Ina ba kowa shawarar ya yi haka da wanda ya zauna da shi, mata ko miji ko abokin sana'a, wanda dai ba zai ji kunyar faɗa maka ba.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne yadda na ga wasu 'yan mata suna tambayar saurayi haruffansa kafin su saurare shi, ko mai shago ya ce sai yaro ya yi gwajin kafin ya ɗauke shi aiki. Haba. Haruffa huɗu ba sa nuna amana, ba sa nuna ko mutum na sallah ko yana biyan bashi, waɗannan sai bincike da zama. Haka masu cewa ni haka nake hali zanen dutse, gwajin ma ya faɗa, su ci gaba da ɓata wa mutane. Shafin yana da ɓangarori kan aure da abota da tarbiyyar yara da aiki, na karanta na tarbiyya na ƙaru da wasu abubuwa, na soyayya kuwa bai yi kama da zamanmu ba sai na wuce. Akwai ƙarin bayani na kuɗi, ban saya ba, na kyautan ya ishe ni.

Babbar salla da ta zo na sayi littafi mai layi na rubuta lamba ɗaya zuwa ashirin da biyar, na ce in ya cika an rufe. Saura kwana goma sha biyu ya cika. Washegari wata tsohuwar kwastomata ta shigo da shadda a leda tana cewa haba 'yata ke da ba kya mayar da ni, gabana na faɗuwa na ce Hajiya ki yi haƙuri wallahi na rufe, amma ga wata a bayan layinmu hannunta na da kyau bari in kira miki ita. Ta ɗan ɓata fuska ta tafi, na wuni ina jin ba daɗi. Bayan salla da sati biyu ta dawo da leshi biyu na bikin jikarta.