Wunin hutu da iyali a otal ɗin wuraren wasa na Dubai da Abu Dhabi, da abin da ya bambanta shi da Yankari

Assalamu alaikum 'yan uwa na Bauchi da Gombe. Duk sa'ad da Sallah ko hutun makaranta ya gabato, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa daga gida: idan mutum ya ɗauko iyalinsa zuwa nan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kwana a otal ɗin da ke jikin wurin wasan yara ya cancanci kuɗinsa kuwa? Ya cancanta, kuma babban dalilin shi ne kusancin ɗaki, domin ana iya komawa cikinsa da tsakar rana a huta. Wanda ya biya wannan kuɗi sannan ya wuni tsaye a layi daga hantsi har isha'i, ga yara suna kuka, ga uwargida ƙafa ta kumbura, bai mori abin da ya saya ba.

Mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana a Yankari ya san ana fita kallon namun daji da sassafe, a dawo, a sake fita da yamma. Tsakar rana kuwa ta ruwan Wikki ce da inuwa, don ko giwa da ɓauna ba sa yawo a wannan lokaci. To haka ɗin za ku yi a nan, sai dai komai da farashinsa da ƙa'idarsa a rubuce.

Wurare uku ne aka fi kai iyali. Na farko tsibirin Yas a Abu Dhabi, kusa da filin jirgin sama, tafiyar kusan awa ɗaya a mota daga Dubai. A nan ne ake da Ferrari World da aka buɗe a 2010, da wurin wasan ruwa na Yas Waterworld na 2013, da Warner Bros. World na 2018, da SeaWorld na 2023. Akwai motocin bas na kyauta da ke zagaya tsibirin tsakanin otal-otal da wuraren wasan, otal ɗin WB kuwa da ƙafa ma ake isa Warner Bros. World daga cikinsa. Na biyu Dubai Parks and Resorts, a kan hanyar Dubai zuwa Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2016. A cikinsa akwai Motiongate da Legoland da otal ɗin Lapita da na Legoland ɗin kansa. Legoland an yi shi ne don yara 'yan shekara 2 zuwa 12, saboda haka matashi ɗan sakandare zai gaji da shi kafin azahar. Na uku Atlantis a tsibirin Palm Jumeirah, tun 2008, inda baƙin otal ke shiga wurin wasan ruwa na Aquaventure ba tare da sayen tikiti daban ba.

Lokacin zuwanku shi zai zaɓa muku. Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan wuce digiri 40, kuma ba irin zafin Bauchi na watan Afrilu ba ne da mutum zai samu sauƙi a gindin darbejiya, wannan haɗe yake da gumin teku. A waɗannan watanni ku nufi wuraren da ke rufe ana sanyaya su, irin Warner Bros. World da SeaWorld da galibin Ferrari World. Otal kan yi sauƙi a lokacin. Daga Nuwamba zuwa Maris iska da daɗi, ana iya wuni a waje, amma kuɗin ɗaki ya hau kuma jama'a sun cika. Tun Janairun 2022 hutun mako a Dubai da Abu Dhabi ya koma Asabar da Lahadi, ma'aikatan gwamnati da 'yan makaranta kuma suna tashi da wuri ran Juma'a. Litinin zuwa Alhamis ne layi ke gajarta. Kwanakin Idi kuwa cunkoson ya fi na Wikki ran yawon Sallah.

Wajen kama ɗaki ne mutanenmu suka fi shan mamaki, don haka bari in tsaya a nan. A gida, Alhaji zai kama ɗaki biyu, yara shida su baje a katifa da tabarma, ba mai ce masa uffan. A nan kai ake ƙirgawa. Ɗaki na yau da kullum yakan ɗauki manya biyu da yara biyu, a otal da yawa kuma ɗan shekara 12 babba ne a lissafinsu. Kowa sai an ga fasfonsa a teburin karɓar baƙi, har jariri, saboda haka ba a ɓoye yaro a shigo da shi ta bayan fage. Iyali mai mutum bakwai ɗaki biyu yake buƙata. Ku nemi masu ƙofa a tsakani, ku kuma sa otal ya tabbatar muku da hakan a rubuce ta imel kafin ku taso. Ɗakuna maƙwabta daban, masu ƙofa a tsakani daban. Idan ba a fayyace ba, sai ku tarar yara suna can ƙarshen baranda, ko ma a wani hawan bene.

Farashin da kuka fara gani a intanet ba lallai ne ya zama na ƙarshe ba. A Dubai ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, da kashi 7 na hukumar birni, da kashi 5 na harajin VAT. Ɗakin da aka rubuta dirhami 1,000 zai haura 1,200. Bayan wannan akwai kuɗin yawon buɗe ido da ake karɓa a kan kowane ɗaki kowane dare, dirhami 20 a otal mai tauraro biyar. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 a kan dala ɗaya, don haka ku yi lissafinku da dala sannan ku juya zuwa naira a farashin ranar. Da isarku za a riƙe wani kuɗi a katinku na banki a matsayin jingina, ko da wani abu zai lalace ko a ci wani abu a ɗaki. Ana sakinsa bayan kun fita, amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo. Ku tambayi bankinku iyakar abin da katin naira zai iya kashewa a waje, kada kati ya ƙi aiki iyali na tsaye da akwatuna.

Idan an ce ɗaki ya haɗa da tikitin shiga wurin wasa, ku karanta dalla-dalla: wuri ɗaya ne a kowace rana ko duka, na mutum nawa ne, ranar shiga da ranar fita suna ciki? Ko da an ba ku duka, wuri ɗaya a rana ya isa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kafin ku sayi komai, ku ɗauko awon tela ku auna tsayin kowane yaro a jikin bango. A gida mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan sanda ce a ƙofar kowane lilo, kuma mai tsaron ba ya jin roƙo. Formula Rossa, jirgin wasan nan na Ferrari World da ke gudu bisa dogo har kilomita 240 a awa, sai mai santimita 140. Manyan bututun sulu na Aquaventure sai mai mita 1.2. Yaron da ya gaza da ɗan yatsa ɗaya za a mayar da shi bayan ya gama bin layi, kuma kukan da zai biyo baya yakan ɓata wa kowa wuni. Gara a faɗa masa tun a gida abin da zai hau da wanda sai baɗi. Ni a ganina wannan tsaurin yana cikin abubuwan da suka fi cancantar mu kwaikwaya, domin maƙallin kujerar an ƙera shi ne daidai da wani girman jiki, ƙaramin yaro zai iya zamewa ta ƙarƙashinsa.

Ga yadda wunin zai tafi. Agogon nan ya riga na Najeriya da awa uku, ƙarfe tara na safe a nan shida ce a jikin yaran, don haka kada ku sa wurin wasa washegarin saukarku. Ku ba su wuni guda a wurin iyo na otal. Ranar wasa a karya da kyau wajen ƙarfe takwas da rabi, tunda galibi kuɗin karin kumallo yana cikin na ɗaki. Wuraren wasan sukan buɗe ƙarfe goma ko sha ɗaya, ku duba tun daren jiya. Ku kasance a ƙofa kwata kafin a buɗe, ku fara da abin da aka fi rububi, domin awa ta farko ita ce mai gajeren layi. Wajen ƙarfe ɗaya ku fito. Kafin ku wuce ƙofa ku tabbatar tikitinku na ba da damar dawowa a ranar, wani wurin hatimi ake bugawa a hannu, wani kuma abin hannu na roba ne shaidar. A ɗaki a yi azahar, a ci abinci, ƙanana su yi barci awa biyu. Bayan la'asar a koma, a yi abubuwa masu sauƙi, wasan kwaikwayo na zaune da kallon kifaye, a dawo kafin yara su fara rigima. Tikitin tsallake layi da ake sayarwa daban, wanda ake kira Quick Pass a Ferrari World, yana da amfani ran Asabar ko lokacin Idi. Ran Talata da safe kuɗin banza ne.

Ta fuskar ibada ƙasar nan ta sauƙaƙa. Wuraren wasan suna da ɗakin salla na maza da na mata da wurin alwala. A ɗakin otal akwai alamar alƙibla a rufi ko cikin aljihun tebur, darduma kuma idan babu a tambaya za a kawo. Banɗakuna suna da ɗan famfon tsarki na hannu, ba sai an ɗauko buta ba. Naman da ake sayarwa a gidajen abinci na halal ne, inda akwai alade sai an rubuta a fili. Amma manyan otal-otal suna sayar da giya, kuma ƙaramin firjin ɗaki kan zo da ita tare da lemuka da cakulan masu tsada. Ku ce a kwashe shi tun ranar farko, kafin yara su buɗe.

Uwargida da 'yan mata su shirya tufafi tun daga gida. Ba a yarda a hau bututun sulu da abaya ko zane ko doguwar riga mai yalwa ba, saboda tsumma na iya sarƙewa. An yarda da rigar iyo ta mata mai rufe jiki duka har kai, ana sayar da ita a shagunan gari da araha fiye da cikin wurin wasan. Yas Waterworld kan ware lokaci na mata zalla, ku duba jadawalinsu idan hakan ya fi kwanta muku. A kan jiragen gudu kuma, dogon hijabi sai an cusa shi cikin riga, hula da tabarau da waya a bar su a akwatin ajiya, wanda shi ma haya ake biya. Alhaji ya bar babbar riga a ɗaki.

Abinci shi ne inda gida ya yi musu fintinkau. Mai zuwa Yankari yakan cika kula da masar Bauchi da miyar taushe, ga dambun nama, ga kunun aya a gora, abin da zai kiyaye kawai bikoki ne, kada su wawure leda. A nan ana duba jaka a ƙofa, ba a shiga da abincin waje in ban da na jarirai da na mai lalurar rashin lafiya. Abin da ke ciki galibi soyayyen dankali ne da kaza da biza, a farashin da ya ninka na gari. Wannan ma wani dalili ne na komawa ɗaki da rana. Tsarin da ya haɗa karin kumallo da abincin dare yakan fi sauƙi ga iyali mai yawa, kuma da wuya a rasa shinkafa da kaza irin ta Indiya ko ta Larabawa, wadda bakin yaranmu ke karɓa.

Ruwan ma ba ɗaya ba ne. Wikki daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, garau, da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, rani da damina, ba inji ba magani. Na nan ruwan famfo ne da aka zuba wa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, yana sa ido ja, yana busar da fata, don haka a ɗauraye yara da ruwan daɗi bayan sun fito, a shafa musu man kaɗanya. Inda suka fi mu shi ne tsaro. Kowane lungu na wurin iyo da mai ceto a tsaye da usur a baki, zurfin ruwa a rubuce a bakin gaɓa, rigunan hana nutsewa na yara a rataye kyauta. Abin da nake wa wuraren shaƙatawarmu na gida fata ke nan, kuma bai fi ƙarfinmu ba, horo ne da albashi da allon rubutu. Duk da haka mai ceto ba mai reno ba ne, ƙaramin yaro sai babba na kusa da shi inda hannu zai kai.

Ɓatan yaro a cikin taro yana faruwa. Ku ɗauki hoton kowane yaro da safe cikin kayan da ya sa, ku rubuta lambar waya a abin hannunsa, ku nuna masa irin rigar ma'aikata don ya san wa zai tara. Ku sani kuma kiran murya ta WhatsApp ba ya tafiya a nan, sai dai saƙon rubutu da na murya da aka naɗa, saboda haka idan za a rabu gida biyu a tsayar da wurin haɗuwa da lokaci. Maganin tari mai kodin da tiramadol suna ƙarƙashin doka mai tsanani, kada a jefa su a jaka ba tare da takardar likita da izini ba. Soket ɗin wuta mai baki uku ne irin namu, cajarku za ta shiga.

Ɗaki ana bayar da shi ne galibi ƙarfe uku na rana, a karɓe shi sha biyu na ranar fita. Idan jirginku na dare ne, ku nemi ƙarin awa biyu tun daren jiya, a bar akwatuna wurin masu ajiyar kaya su ba ku tikiti, sannan ku ware jaka ɗaya mai kayan canji da leda don jiƙaƙƙun tufafi. Kafin ku sa hannu a takardar biyan kuɗi ku karanta ta layi-layi, ku kuma karɓi rasit ɗin da ke nuna an saki kuɗin jinginar.